Layin da Jan Biro Ya Soke

Shafi na 23

Na karanta sharhinku na jiya tsaf. Masu cewa a kori yarinyar kawai, ai inji ba ya ƙarya, na ji ku. Sikeli ma ba ya ƙarya, amma bai taɓa tambayar wanda ya ɗora masa kaya ba. Ku gyara zama.

*

Ƙarfe tara da kwata Dakta ta murza wa ƙofar ofishinta makulli ta ciki, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha tara da ta yi tana koyarwa a Sashen Kimiyyar Ƙasar Noma. Jan Biro ɗalibai ke kiranta a bayan idonta, don ba a taɓa miƙa mata takarda ta dawo fara ba. Yau ga biron nan kwance a kan tebur, ta kasa ko taɓa shi.

Rahoton na gabanta. Kundin ɗalibarta ne, baƙuwar yarinyar nan da ta tsallako ƙasashe biyu ta zo karatu. Injin kamun satar rubutu ya shafa wa shafi biyu da rabi jan launi, ya ce kalma da kalma aka kwaso su daga wani tsohon littafi da aka buga shekara hamsin da suka wuce, wanda sai bara aka zuba shi a cikin injin. Ƙarfe sha biyu kwamitin ladabtarwa zai zauna. In aka kori yarinyar, takardar izinin zamanta ta mutu tare da rajistarta. Kwana goma sha huɗu za a ba ta ta bar ƙasar, shekara uku sun bi ruwa.

Dakta ba ta buƙatar karanta jan wurin. A kanta yake.

"Gishiri ba ya zuwa gona da ƙafarsa. Ruwan da manomi ya jawo da hannunsa, shi ke goyo shi..."

Duk shekara, a mako na uku, haka take buɗe laccarta. Haka yake a babi na biyu na kundin digirinta. Daga bakin malaminta, Farfesa, ta rubuta shi tana ƴar shekara ashirin da biyu, kuma har shekaranjiya da za ta iya rantsuwa maganarsa ce.

Aka ƙwanƙwasa a hankali, sau biyu. Ta tashi ta buɗe.

Yarinyar ce. Ƴan ajinsu Rikoda suke ce mata, saboda tun zuwanta Turancin malamai ya fi kunnenta gudu, sai ta riƙa ajiye waya a teburin gaba tana naɗar lacca, in ta koma ɗaki ta saurara ta rubuce tas. Ta shigo rungume da wata ambulan mai ruwan ƙasa.

"Ina kwana, Malama."

"Rufe ƙofar. Kin karya?"

"Na sha ruwa."

"Ruwa karin kumallo ne a garinku? Zauna."

Ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran a ce tashi.

"Jiya kin je Ofishin Inganci. Me kika gaya wa Malam Ƙa'ida?"

"Na ce ban taɓa ganin littafin ba."

"Ya ce me?"

"Ya yi dariya. Ya ce duk baƙin ɗalibai haka muke cewa, kamar uwa ɗaya ta haife mu."

"Bai tambaye ki inda kika samo shafukan ba?"

"Ya tambaya."

"Kika ce?"

"Na yi shiru."

Yarinyar ta miƙo ambulan ɗin da hannu biyu.

Daftarin farko ne, na wata takwas da suka wuce, gefunansa duk sun nannaɗe. Dakta ta buɗe shafin da aka naɗe wa kunne. A saman maganar gishirin, yarinyar ta rubuta layi guda: "Kamar yadda malamata ta koyar da mu a laccarta ta mako na uku." An soke layin da jan biro, tsaf, kamar da rula. A gefe kuma ga rubutun da ko a mafarki Dakta ba za ta kasa ganewa ba: "Ba a kafa hujja da lacca. Cire wannan layin."

Ta tuna ranar. Kundi goma sha ɗaya a kan teburinta, kanta na sarawa. Har ta ɗan ji daɗi da ta ga an ambace ta, sannan ta ji kunyar jin daɗin, ta soke. Layin ta ce a cire. Yarinya kuwa ta cire layin, ta bar sauran, don abin da aka ce mata ke nan.

"Ke! Kina da wannan kika tsaya Ƙa'ida yana yi miki dariya?"

"Malama, a wajenmu ba a kai malami ƙara."

"Nan ba wajenku ba ne."

"Na sani." Ta shiga jera kalmomi, yadda take yi kullum, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. "A wajenmu in malami ya yi tuntuɓe a gabanka, ƙasa kake kallo har ya miƙe. Shi ya sa na kawo miki. In yana jakata, suka matsa mini, ina tsoron hannuna."

"Muryar da kika naɗa fa?"

"Na goge."

"Innalillahi. Wa ya aike ki?"

"Babu."

Dakta ta dafe goshi. Ta so a ce yarinyar nan zaginta ta yi, ko ta yi mata barazana, da ta san ta inda za ta ɓullo. Amma mutum ya ɗauko wuƙar da zai kare kansa ya danƙa maka ita ta wajen ƙota, ina za ka sa kanka?

"Ɗiyarki fa? Kin gaya wa mutanen gida?"

"Ban gaya musu ba. Tana shekara biyu na baro ta wajen mahaifiyata, yanzu ita take kira Mama, ni kuma Anti ta cikin waya." Ta yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "Na ce mata da rigar digiri zan dawo, ta ce a kawo mata hular."

Wayar tebur ta yi ƙara. Sakatariyar sashe ce.

"Dakta, Baba na nemanki. Ya ce yanzu, ba anjima ba."

*

Baba shi ne Farfesa, kuma shi ne shugaban kwamitin da zai zauna ƙarfe sha biyu. Wata huɗu suka rage masa ya yi ritaya. Shi ya tsamo ta a cikin ɗalibai tamanin ya ce wannan za ta yi koyarwa, shi ya tsaya mata aka ɗauke ta aiki. Ƴaƴanta Kaka suke ce masa, ƙaramar har gemunsa take ja.

Ofishinsa na nan yadda ta san shi, kwalabe cike da samfurin ƙasa jere a kan kanta, ja da baƙa da fara, rubutun jikinsu ya koɗe, na'urar sanyaya ɗaki tana tari kamar tsohon mashayin taba.

"Ranka ya daɗe."

"Zauna, ƴata. Kin rame."

Bai jira ta amsa ba ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani kundi mai baƙin bango ya ajiye a gabanta. Nata ne.

"Saboda zuwan masu tantance jami'o'i, laburare na ɗaukar hoton tsofaffin kundaye suna zubawa a injin nan. Sun kai shekarar da ke kafin taki. Jiya na aro shi. Littafin aro kuwa, kin sani, yakan ɓata."

"Baba, ka san littafin da injin ya ambata?"

Ya daɗe yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Kwafi ɗaya ne tak a makarantar da na yi karatu a ƙasar waje, ba a fita da shi. Babu injin kwafi a lokacin. Kwana arba'in na yi ina kwafe shi da hannu har yatsana ya yi kanta, ga shi nan har yau. Na dawo na tarar da sashe ba littafi ko ɗaya, sai allo da alli. Na riƙa karanta wa ɗalibai suna rubutawa. Shekarar farko nakan faɗi sunan marubucin. Shekara ta biyu na ga ba mai iya rubuta sunan, rabin lacca na tafiya wajen gyara shi. Ta uku na daina." Ya maida tabarau. "Daga baya, wallahi, ni ma na manta ba tawa ba ce."

"Kai ka ce mini abin da aka koya wa mutum a aji nasa ne. Shi ya sa na sa a kundina."

"Haka aka ce mana mu ma."

"To ka faɗi haka a kwamiti, Baba. Yadda ka faɗa mini yanzu."

"Wa zai ji? Ƙa'ida? Mutumin da bai san bambancin yumɓu da jigawa ba, sai kashi kaza cikin ɗari?" Ya ranƙwafo. "Ranar Litinin masu tantancewa za su iso. An riga an kai musu gulmar muna cika jami'a da baƙi muna raba musu digiri kamar alewa. So suke su ga mun kori wani. Ko ba su so, Shugaban Jami'a na so."

"Sai a ba su marar gata."

"Ki saurare ni. In kika buɗe baki, ba mutum ɗaya zai faɗi ba. Ɗalibai nawa suka bi ta hannuna da naki? Kowa da gishirinsa a kundinsa. Su janye wa sashen izini, baƙi sittin da uku da ke aji yanzu duk su kama hanya. Kin ceci ɗaya kin kifar da kwalekwale."

Dakta ta dubi kundin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta san ko ƙarya yake yi ba. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma tsoho ne kawai da ke son ya fita ta ƙofar gaba da rigarsa fara. Sau da yawa in babba ya ce maka don jama'a yake yi, ka leƙa da kyau, za ka ga shi ma yana tsaye a cikin jama'ar, a sahun gaba.

"Yarinya ce," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Za ta sake farawa a wani wuri."

"Da tambarin sata a takardarta?"

"Zan rubuta mata wasiƙa mai kyau."

"Da hannun da ya sa hannu a korarta."

"Kul! Ni kike gaya wa haka?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Ya sauke numfashi, ya turo mata kundin da ɗan yatsan nan mai kanta.

"Tambaya ɗaya za a yi miki a matsayinki na mai duba aikinta. Kin taɓa ganin shafukan nan a wani wuri? Ki ce a'a. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da nake da ke. Sa wannan a jaka, ki kai gida."

Ta sa. A kan ambulan ɗin yarinyar ya sauka.

*

Barandar sai warin sabon fenti. Jami'a in za ta yi baƙi har bayan kunne take wankewa. An jera tukwanen furanni da aka aro daga gidan Shugaba, an liƙa manyan takardu a bango: GASKIYA ITA CE INGANCINMU. Ɗaya tun yanzu ta fara ɓantarewa, don fentin bai bushe ba aka manna.

Sakatariya ta leƙo ta taga.

"Dakta, yau jakar da nauyi. Duwatsu kika kwaso a ofishin Baba?"

"Samfuri ne."

"To Allah ya sa ƙasa ce mai albarka."

Kafin ta isa ɗakin taro ta ratsa banɗaki, ta tsaya a gaban famfo ta wanke fuska. Da akwai kwandon shara a nan, babba, mai murfi. Ta kalle shi. Ambulan ɗin takarda ce kawai, ba wanda ya san da ita sai mai ita, mai ita kuma ta riga ta sallama. Ta zuge jakar har rabi. Wata mai shara ta shigo da bokiti tana gaishe ta, ta maida zip ɗin ta fita.

*

Mutum biyar ne a dogon teburin. Farfesa a tsakiya. Malam Ƙa'ida na Ofishin Inganci a damansa, da kwamfutarsa da kwat ɗinsa mai maɓalli uku duk a rufe, duk da zafi. Sai magatakarda mai rubuta bayanin zama, da wata malama daga sashen shari'a, da wani matashin lakcara na sashensu, wanda Dakta ce ta koyar da shi tun daga aji ɗaya. Yarinyar na can ƙarshen tebur a kujerar da ba ta da hannu.

Dakta ta zauna, ta jingina jakar da ƙafarta.

"Ba zan ɓata wa kwamiti lokaci ba," in ji Malam Ƙa'ida. "Inji ya riga ya yi mana rabin aiki. Inji ba shi da ƙabila, ba shi da ƙasa, ba ya karɓar gaisuwa. Zan karanta abin da ɗaliba ta ce nata ne, sannan ku kalli allo ku ga na mai shi."

Ya gyara murya ya fara, yana cin tuntuɓe a kan kalmomin da ba na fanninsa ba.

"Gishiri ba ya zuwa gona da ƙafarsa. Ruwan da manomi ya jawo da hannunsa, shi ke goyo shi. In rana ta kwashe ruwan, sai ta bar..."

Sai ta bar baƙon a gidan. Dakta ta ji leɓɓanta sun ƙarasa da kansu. Ta yi maza ta datse su, ta ɗaga ido.

Leɓɓan matashin lakcaran ma motsi suke yi. Yana bin karatun kamar mai bin liman, har yana gyaɗa kai a inda take gyaɗawa a aji. Can ya farga. Idonsu ya haɗu. Ya sunkuyar da kai ya shiga jujjuya murfin robar ruwansa kamar yau ya fara ganin murfi.

Farfesa kuwa silin yake kallo.

Mutum huɗu a ɗakin nan sun haddace abin da ake karantawa, ɗaya kawai aka zaunar a kujerar marar hannu.

"Ɗaliba," in ji Malam Ƙa'ida, "karo na ƙarshe. A ina kika samo?"

Yarinyar ta haɗa hannuwanta a kan cinya.

"Ko Turancin ne ya sake gudu ya bar ki? In nemo miki tafinta?"

Magatakarda ya yi ƴar dariya ya haɗiye. Malamar shari'a ta tsuke baki.

"Tana da haƙƙin yin shiru, Malam. Ka wuce."

"Na wuce. Ranka ya daɗe, saura mai duba aiki."

Farfesa ya sauko da idonsa daga silin, ya ɗora a kanta. Muryarsa a daidaice, irin ta mai karanta sanarwa.

"Dakta, kafin rahoton nan, kin taɓa ganin waɗannan shafuka a wani wuri?"

Magatakarda ya ɗaga biro yana jira. Na'urar haska allo tana ta ƙugi. Kalma ɗaya ce, gajera, ko numfashi ba ta ci. Ta buɗe baki, ta waiga ƙarshen tebur don ta ga ko yarinyar na kallonta, ko da harara ce, ko da roƙo.

Ba ta kallonta. Hannuwanta na kan cinya, kanta a sunkuye, ta kafa wa tayil ɗin da ke gaban takalminta ido.

Ƙasa take kallo. Jira take.

Dakta ba ta san lokacin da hannunta ya shiga jaka ba. Ya taɓa baƙin bangon, ya zame ta ƙarƙashinsa, ya jawo ambulan ɗin. Ƙarar takardar ta cika ɗakin. Ta buɗe shafin mai naɗaɗɗen kunne ta tura tsakiyar tebur.

"Ta faɗi inda ta samo. Tun wata takwas ta faɗa. Ni na soke."

"Malama!" Yarinyar ta miƙe tsaye. "Malama, a'a..."

"Zauna. Yau ba ke ke da magana ba."

Malamar shari'a ce ta fara ɗauka. Ta karanta layin da aka soke, ta karanta na gefe, ta miƙa wa Malam Ƙa'ida. Ya kusanto da takardar hancinsa, ya nisanta ta, ya sake kusantowa.

"Wannan rubutun wa?"

"Nawa."

"Wato shafukan nan laccarki ce?"

"Shekara goma sha tara."

"Magatakarda, rubuta." Ya ajiye takardar a hankali, ya daidaita ta da gefen kwamfutarsa. Fuskarsa ta yi wani irin haske, na mafaraucin da ya ɗana wa zomo tarko ya tarar da barewa. "To madalla. Amma Dakta, an buga littafin nan tun ba a haife ki ba, kuma na bincika, babu kwafinsa ko ɗaya a ƙasar nan. In laccarki ce, ke a ina kika samo?"

Matashin lakcaran ya saki murfin, ya gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya bi shi da ido. Baƙin kundin na nan a jaka, jingine da ƙafarta, tana jin sanyin kusurwarsa ta cikin zane.

Farfesa ya cire tabarau, ya naɗe, ya ajiye a kan rahoton. Ya dube ta yadda ya dube ta ranar da ya tsamo ta a cikin mutum tamanin.

"Amsa masa mana, ƴata."